Ungozomar da Aka Aika Gayyata

Kin ce ba za ki fita gayyatar Kirsimeti bana ba, domin ke kanki bangaskiyarki tana rawa, kina jin kunyar ki kira wani zuwa inda zuciyarki ba ta zauna ba. To, gyara zama ki ji.

A wani ƙauye an yi wata ungozoma, Kirista, dattijiya a zumuntar mata. Rabin mutanen garin ita ta yanke musu cibiya. Ba ta taɓa karɓar haihuwa ba sai ta fara da addu'a, har mata suna cewa hannunta na da albarka. Wata rana da damina aka kira ta gidan wata matashiya mai cikin fari. Naƙuda ta yi tsawo, ga rafi ya cika ya yanke hanyar asibiti. Ungozoma ta yi duk abin da ta sani. Ta durƙusa ta kira sunan Yesu da ƙarfi, har maƙwabta na ji ta bayan danga. Da la'asar yaron ya fito, namiji, cikakke, amma bai yi kuka ba. Ta hura masa iska, ta murza bayansa, ta juya shi. Shiru. Ita ta naɗe shi a zane da hannunta ta miƙa wa maza.

Tun daga ranar matashiyar ba ta ƙara taka majami'a ba. Fasto ya je, mata suka je rukuni rukuni, kowa da ayarsa. Takan shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ta saurara har su gama, ta ce, "To, na gode." Ranar Lahadi kuma gurbinta fayau. Ungozoma kuwa ba ta fasa zuwa sujada ba, amma jikinta ne kawai ke zuwa. In an ɗauki waƙa sai ta motsa leɓe. In ta rufe ido za ta yi addu'a, sai ta ji kamar tana magana cikin tulun da babu ruwa. Ba ta gaya wa kowa ba. Hanyar gidan matashiyar ma ta daina bi, gara ta zaga ta bayan gonaki ko da rana ta take.

Ana saura kwana uku Kirsimeti, mata suka raba gidajen da za a je gayyata. Shugabarsu ta dubi ungozoma ta ce ita za ta je gidan nan, tunda kowa ya gwada ban da ita. Ungozoma ta nemi abin da za ta fake da shi, ta rasa. Washegari da hantsi ta tafi. Sau biyu tana kaiwa bakin zaure tana juyawa. A na uku ta yi sallama.

Ta tarar da matashiyar tana surfen masara ita kaɗai, ta rame, wuyanta ya fito. Suka gaisa a taƙaice. Ungozoma ta ga wata taɓarya jingine da bango, ta ɗauka, ta tsaya a ɗaya gefen turmin. Suka yi ta daka, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, har dusa ta saki. Sai dattijiyar ta ajiye taɓarya ta ce, "'Yata, aiko ni aka yi in gayyace ki sujadar Kirsimeti. Ban zo da aya ba. Tun ranar nan nake tambayar Ubangiji me ya sa, bai ba ni amsa ba. Jibi za a karanta labarin jaririn da aka haifa lafiya a komin dabbobi, ni kuwa tsoron jin sa nake yi. Ba zan iya zama ni kaɗai ba."

Matashiyar ta jingine tata taɓaryar. Can ta ce, "Iya, na ɗauka kin manta da shi. Ke kaɗai kika ga fuskarsa sosai. Da wa ya yi kama?" Ungozoma ta ce, "Goshinki ne, sak." Nan suka zube a gindin turmin suka yi kukan da wata huɗu kowacce take yi a ɓoye.

Ranar Kirsimeti majami'a ta cika, yara da sababbin kaya, mata na buga tulu suna guɗa. Su biyun suka shigo a makare, suka zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, don in abin ya fi ƙarfinsu su fita. Da mai karatu ya kai inda Maryamu ta naɗe ɗanta da zanen goyo, matashiyar ta damƙe hannun tsohuwar har sai da ya yi shaida. Ba su fita ba. Ba su yi waƙa ba kuma. Ba zan ce miki shakkarsu ta gushe a ranar ba, don ban sani ba, wannan tsakaninsu da Ubangiji ne. Abin da na sani, da suka kai mararraba za su rabu, matashiyar ta ce, "Iya, ranar Lahadi ki biyo mini."

Masu cikakkiyar amsa sun je gidan nan sun dawo hannu rabbana, wadda ta je da rauninta ita ta fito da matar gidan. Saboda haka tashi ki ɗauki mayafinki. Akwai ƙofar da ba za ta buɗe wa kowa ba sai ke, domin Hausawa sun ce, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.