Zazzaɓin Casa'in da Takwas

Da wani mutum ya sayo ma'aunin zafin jiki a kasuwar Malanville, matarsa ta ce, "Yau gidan nan ba zaman lafiya."

Ya saka wa ɗiyarsa a hammata: casa'in da takwas! Likita kuwa ta taɓa ce masa in ya wuce talatin da takwas, a zo. Ya saɓa yarinya, ya runtuma asibiti, ita tana ta cin ƙosai a kafaɗarsa.

"Ku taimaka, ɗiyata za ta dahu!"

Likita ta karɓi ma'aunin, ta danna maɓallinsa, lambar ta koma talatin da bakwai.

"Malam, ƙidayar wata ƙasa ce. Yarinya lafiyarta ƙalau." Sai ta taɓa goshinsa. "Kai ne mai zazzaɓin. Kwanta."

Har yau ba a san inda takalminsa ɗaya ya faɗi ba.