Tukwanen da Ba Su Taɓa Hawa Murhu Ba

Ranar Litinin aka manna jar takarda a jikin akwatin gilashi na tara. Malam Manu, mai kula da akwatunan, ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya sake sawa. Sabon shugaban sashen, Dakta Naziru, ya ba da mako biyu. Duk abin da ba a tabbatar da asalinsa ba a ɗakin adana kayan fasaha na kwalejin, za a fitar da shi.

A cikin akwatin ɓarin tukwane ne guda biyar. Malam Manu da kansa ya tsinto su a daminar 1991, a cikin yashin wani kwazazzabo da ke bayan Kurfi, kwana biyu bayan ambaliya. A katin bayaninsu ya rubuta cewa aikin mutanen da ne, wataƙila shekara ɗari uku. Da su ya yi suna. Har Zariya, inda ya yi karatu, aka kira shi ya yi bayani a kansu.

Abu uku ya gina bayaninsa a kai. An raba kowace tukunya biyu daidai, da gangan. Babu baƙin wuta a gindinsu. Sannan a leɓen kowace akwai sawun yatsu uku da giɓi a tsakani, wanda ya fassara da alamar wata kabila da ta shuɗe.

Yanzu kuwa shekaru sun ja. Yakan ajiye makulli a aljihu ya yi ta nemansa. Yakan kira mai shara da sunan Sa'adiya, matarsa ta fari, wadda ta tafi goyon ciki gidan iyayenta ba ta dawo ba. Ko kushewarta ya daina ganewa tun da aka sare tsamiyar da aka nuna masa. Amma lambar kowane kati tana kansa daram.

Mai sharar kuwa ba ta goge akwati na tara. Ta ce in ta buɗe shi warin jiƙaƙƙiyar ƙasa take ji, ko da rani. Malam Manu ya ce ɗabi'ar yumɓu ce.

"Baba Malam, ba raini ba ne," in ji Dakta Naziru. "Kawo mini mutum ɗaya da ya san su, ni da hannuna zan yage takardar nan."

Sai a lokacin Malam Manu ya lura cewa a shekara talatin da wani abu ya tambayi littattafai, ya tambayi Turawa ta wasiƙa, amma bai taɓa tambayar maginiyar tukwane ko ɗaya ba. Me ya hana shi? Ya yi ta lalube a ransa, ya ji kamar akwai dalili, amma dalilin ya ƙi fitowa.

Ya je Kurfi. Aka nuna masa gidan Inna Hawwa'u, wadda ta fi kowa tsufa a cikin masu ginin tukwane. Ranar Alhamis ya ɗauko ta a mota zuwa kwalejin a Dutsin-Ma. Duk hanya hannunta na dama yana cikin mayafi, tana yi masa tsiya cewa 'yan boko sun rasa abin kullewa sai tukunya.

Ta yi ta dariya a gaban ƙoren da aka yi wa zane da tsofaffin faifai. Da ta iso akwati na tara, dariyar ta ɗauke.

"Buɗe," ta ce.

Ya buɗe. Ta ƙirga da leɓe, ta sake ƙirgawa.

"Shida ne. Ina ɗayan?"

"Biyar na samu, Inna."

"To ɗayan na can tare da mai shi."

Dakta Naziru, da ke zaune a gefe, ya ajiye biro. Tsohuwar ta zaro hannunta daga mayafi. Babu ɗan yatsan tsakiya. Ta ɗora hannun a leɓen tukunyar, yatsu ukun suka zauna cikin sawun kamar ƙafa cikin takalminta.

"Ga kabilarka nan, Malam," ta ce. "Maciji ya ci mini shi ina amarya. Waɗanga ukun su na fara ginawa bayan na warke. Suka fito a karkace, ba wanda ya taya. Daga su na koyi shafe baki da tsumma, ban ƙara barin sawu ba."

Malam Manu ya dafa gilashin. "Amma me ya sa aka raba su biyu?"

Ta dube shi kamar yaron da ya tambayi abin da kowa ya sani.

"Mu nan in itace ya yi wuya, da mi ake rufe mamaci kafin a tura ƙasa? Sadaka na ba da su ran da 'yar maƙwabcinmu ta rasu wurin haihuwa. Ƙarƙashin tsamiya aka sa ta, gefen da ruwa ya cinye daga baya." Ta mayar da hannunta cikin mayafi. "Sa'adiya, Allah ya jiƙanta. Mijin na karatu Zariya, bai samu jana'iza ba."