Rahoton Sallamar Dattijo

Matar ta ajiye takardar a kan teburina, ta sa tafin hannu ta miƙar da inda ta lanƙwashe.

"Likita, kai ka rubuta wannan?"

Rahoton sallamar mijinta ne, wani dattijo mai ciwon sukari da ya yi kwana tara a ɗakin maza. Ga sa hannuna a ƙasa, ga hatimi.

"Ni ne, Mama."

Ranar da aka sallame shi marasa lafiya sun yi mini yawa. Na ba manhajar ƙirƙirarriyar basira 'yan kalmomi, ita kuwa ta zubo mini shafi guda, tsaf kamar na littafi. Ban karanta ba na sa hannu.

"Jikata ce ta karanta mana," in ji ta. "Wai an duba ƙafafunsa duka biyu, jini na gudana lafiya lau. Wai kuma ya riƙa tattaki na rabin awa kullum da safe."

"Ƙwarai kuwa, Mama," na ce da muryar da nake koyar da ɗalibai. "Tattaki na rage sukari sosai."

Ta daɗe tana kallona. Na nemi fushi a idonta ban samu ba, sai tausayi.

"Ɗana, shekara shida ke nan da aka yanke masa ƙafafun nan. Ba ƙara na kawo ba. Shi ya aiko ni in tambaye ka, duk safiyar da kake zuwa kana gaishe shi, ko sau ɗaya ka taɓa ɗaga bargon?"