Rajistar Malam Attahiru

A kakar 1988, ofishin ƙididdigar amfanin gona da ke Illela yana da kwamfuta guda da ma'aikata biyu da ba sa ga maciji da juna. Attahiru ɗan Sakkwato ne mai digiri, shi ya rubuta wa na'urar tsarin lissafin da take bi. Halilu ɗan gari ne, jikan fatake, aikinsa kwafe alƙaluman gero daga takardun malaman gona zuwa cikin faifan kwamfutar.

Da waɗannan alƙaluma za a raba irin shuka na agaji. Ƙauyen da ya fi rashi shi zai fi samu.

Kullum da safe Attahiru kan tayar da janareta, ya sa na'urar ta yi lissafi, ya rubuta jimilla a littafinsa. Yana alfahari da tsarin nan, don har tumun da ake gasawa tun a gona bai manta ba, ya sa tana ƙara kashi goma cikin ɗari dominsa. Amma abin da ya bari yau ba shi yake tararwa gobe ba. Alƙaluman Tozai sun ragu, na Lafani ma haka. A Tozai kuwa surukan Halilu suke.

Attahiru ya fara zarginsa. Ya zauna ya rubuta wa na'urar layi tara kacal, 'yar rajista marar nauyi. Duk wanda ya taɓa wani adadi da hannu, sai ta rubuta rana da sa'a da sunansa, da abin da ya tarar, da abin da ya mayar.

Bayan mako biyu ya buga ta a takarda. Ya bi layin sunaye da yatsa: Halilu, Halilu, Halilu, duk bayan azahar. Ya naɗe ta ya kai wa Alhaji Maccido, shugaban ofishin. Aka kira Halilu.

"Kai ka rage su?" in ji Alhaji.

"Ni na rage su, ranka ya daɗe."

"Don mi?"

Halilu ya dubi Attahiru sama da ƙasa. "Na taɓa gaya mai cewa injin nan shina da ciwo, ya ce in bari masu boko su yi magana. A tambayi mai digiri."

"Ciwon yana Tozai, gidan surukanka," in ji Attahiru.

A ranar aka sallami Halilu. Ya ajiye makulli a kan teburi, ya ɗauki butarsa ya fita ba sallama.

Saura kwana biyar a aika rahoto Sakkwato. Yanzu ba mai taɓa faifan sai Attahiru. Ran Litinin Tozai tana da dami dubu. Ran Talata dubu da ɗari. Ran Alhamis Tozai, wadda fari ya ƙone wa gonaki, ta wuce abin da takarda ta ba Kalmalo ta bakin tafki.

Ya ɗauko rajistar, wannan karon ya karanta har ƙarshen kowane layi, yana gwadawa da takardun malaman gona.

Duk adadin da Halilu ya mayar daidai yake da na takarda, dami da dami. Tsarin Attahiru ne ke ƙara kashi goman tumu a kan na jiya kowace safiya ya adana, Halilu kuma yake bi da hannu yana gyarawa.