Mota Mai Sitiyari

Shekara goma ke nan da hana mutane tuƙi. Motoci ke tuƙa kansu, kuma inda hukuma ta amince kawai suke zuwa. Shi ya sa Tasi'u, jami'in kwastam a Kano, ya daɗe yana zagaya tsohuwar motar Japan mai sitiyari da aka sauke da safe. Takardarta ta ce don filin tsere kawai.

Mai motar, Hajiya Lantana, ta haura shekara sittin.

"Hajiya, ke za ki yi tseren?"

"Ni ce, ɗana."

Bai yarda ba. Da ya buɗe but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar, sai ga tayoyi masu kaushi irin na hanyar daji.

"Ina za ki da waɗannan?"

"Kukar Bagudu, wurin ƙanwata. Tun bara motoci suka daina sanin hanyar."

Tasi'u ya tuna cewa ƙauyen mahaifiyarsa ma ya ɓace daga taswira watan jiya. Ya saci kallon kyamarar da ke samansu, ya rufe but, ya buga hatimi.

"Allah ya ba da sa'ar tsere," ya ce da ƙarfi. Sannan ya rage murya. "Hajiya, kujerar gefe tana da mai ita?"