Ta'aziyya a Layin Masu Gero

Tun da kotu ta yanke hukunci cewa magana tsakanin masu sana'a ɗaya haɗa baki ce kan farashi, aka rataya wa kowace rumfa na'urar saurare.

Ranar da Barau ya dawo kasuwa bayan rasuwar matarsa, Tanimu, maƙwabcin rumfarsa na shekara talatin, ya kasa daurewa.

"Barau, ya haƙuri? Allah ya ji ƙanta."

Na'urar ta yi ƙara. Kafin azahar jami'i ya garƙame rumfunan biyu.

"Ranka ya daɗe, ko amsawa ban yi ba!" in ji Barau.

"Ka gyaɗa kai."

Tanimu ya nuna shagunan Kamfanin Rumbu, wanda ya saye sauran layin kaf. "Su fa?"

Jami'in ya yi dariya. "Baba, yanzu su kaɗai suka rage. Da wa za su haɗa baki?"