Mutum Takwas

Takardar rajistar jirgin ruwan ta ce mutum takwas zai ɗauka. Direban gidan ya sake ƙirga masu tafiya Dammam, bakin teku: maigida, matarsa, yara shida. Shi ne na tara.

Shekara biyu ke nan yana wanke jirgin nan a tsakar gida a Riyad, garin rairayi, yana jiran ranar da maigida zai cika alkawarin hawa da shi teku.

"Mudir," ya ce wa maigida, "mun yi yawa. Takarda ta ce takwas."

Maigida ya yi dariya. "Mafi mushkila, babu matsala! Kai da iska ke ɗauka? Mutum ɗaya ne fa."

Direban ya ninke takardar a hankali.

"Zan kai ku bakin ruwa, in jira a mota."

"Ba kai ke son teku ba?"

"Ni ne."

Ya ci gaba da goge jirgin. A garinsu Yawuri, kwalekwale ba ya da takarda. Wata ranar kasuwa ya cika maƙil, ya nutse, sai da aka kwana uku kogi ya dawo da ƙanwarsa. Shi ya roƙi matuƙin ya matsa mata wuri.

"Haba Baba," ya ce a ranar, "mutum ɗaya ce fa."